Yadda ake mayar da top silinda ba tare da an toshe hanyar ruwa ba

Injin da aka ɗora wa top gasket (faifan da ke zama tsakanin top, wato kan injin da ke rufe silinda, da bulok, wato gangar jikin injin) a juye yana tashi lafiya lau, kuma nan haɗarin yake. Ramukan kusoshi sun dace, da'irar silinda ta dace, an ba shi wuta ya amsa, silo ya zauna daram, mai mota ya biya ya kama gabansa. Sai ya hau titin Kano zuwa Zariya da tsakar rana a watan Afrilu, sannan silindar da ruwa ba ya kai mata ta fara gasuwa. Sau da yawa allurar zafi ba ta nuna komai da wuri, domin na'urar da ke auna zafin tana kusa da mafitar ruwa, inda ruwan ke wucewa salin alin. Kafin allura ta motsa, top ya riga ya lanƙwashe, ko ya tsage tsakanin bawul biyu.

Don haka kafin ka ɗauki sifana, ka san yadda ruwa ke tafiya a cikin injin. Famfon ruwa yana tura shi cikin bulok, ya zagaye silinda ɗaya bayan ɗaya, ya haura ta ramukan gasket ya shiga top, ya bi ta gefen bawul ɗin hayaƙi da mazaunin fulogi, inda zafi ya fi tsanani, sannan ya fita zuwa lagireto. A injinan da famfo da mafitar ruwa suke gefe guda, wato gaba, kamfani yana toshe ramukan gasket na gaba ko ya ƙanƙanta su, ya bar manya a baya, don ruwa ya bi doguwar hanya dole. Manomin rani ya san wannan: in bai datse bakin kwamin da ke kusa da rijiya ba, ruwa ba zai taɓa kaiwa ƙarshen lambu ba. Ka juya gasket ɗin, manyan ramuka sun dawo gaba, ruwa ya fito daga famfo ya haura nan take ya koma lagireto, na bayan injin kuwa ya tsaya cik yana tafasa. Akwai injinan da mafitarsu ke ɓangaren giyabos, tsarin ramukansu daban ne, amma manufar guda ce.

Tun wajen kwancewa ake fara aikin

Bari injin ya huce sarai. Top na alminiyam da aka kwance da zafinsa yana iya karkacewa a hannunka. Zubar da ruwan lagireto, sannan ka nemi kusar zubar da ruwa da ke jikin bulok, in injin yana da ita, ka buɗe. Wanda ya tsallake wannan, yana ɗaga top ruwa zai kwarara cikin silinda da ramukan kusoshi.

Ɗauki hoto da wayarka ta kowane ɓangare. Sa fenti ko alli a goshin top, ɓangaren da ke kallon tayimin. A injin V, wato mai layin silinda biyu da top biyu, rubuta a jikin kowane top wane gefe ya fito. Ka kwance kusoshi daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku, kuma ka soka su a kwali bisa jerin da suka fito, don a wasu injinan tsawonsu ba ɗaya ba ne.

In top ya ƙi ɗagawa, kada ka cusa sukudireba a tsakaninsa da bulok. Nemi kusar da ka manta. A injin 22R na Hilux akwai wata ƙarama a can gaba, ƙarƙashin haƙorin kamshaf, tana nutse cikin baƙin mai, tana riƙe top da murfin tayimin. Yara da yawa sun fasa top ko murfin saboda ita. Tun da mun taɓo 22R: in ruwa ya haɗu da mai a wannan injin, duba cikin murfin tayimin kafin ka ɗora wa gasket laifi. Idan robar da ke tare sarƙa ta karye, sarƙar tana cin murfin har ta huda hanyar ruwan da ke bayansa. Ka sa sabon gasket goma, ruwa ba zai daina shiga mai ba.

Peugeot 504 da 505, waɗanda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, suna da nasu sharaɗin. Silindarsu laina ce da ake zurawa, ruwa yana taɓa jikinta kai tsaye, kuma akwai abin toshe ruwa a gindinta. In ka ɗaga top tsaye, laina tana iya mannewa ta biyo shi, gindin ya saki, daga baya ruwa ya riƙa zuba cikin baƙin mai. Ana girgiza top ne gefe da gefe har ya rabu da gasket, sannan a ɗauke. Da zarar ya sauka, danne lainonin da manyan wasa da gajerun kusoshi, kuma kada kowa ya juya karanshaf kafin a danne su.

Kada ka yar da tsohon gasket. Ajiye shi yadda ya fito, fuskar sama tana sama, ka yi masa alamar gaba. Zai nuna maka inda wuta ta ci, da ramukan da tsatsa ta toshe. Amma kada ka ɗauke shi hujja kai tsaye, domin mai yiwuwa wanda ya buɗe injin kafin kai shi ma a juye ya sa, kuma abin da ya dawo da motar gareji ke nan.

Wanke hanyoyin ruwa

Yawancin motocinmu ruwan rijiya ko na burtsatse suka sha shekara da shekaru. Leƙa ramukan ruwa na bulok da tocila, za ka ga jan laka da ɓawon tsatsa, musamman a bayan silindar ƙarshe inda ruwa ya fi tafiya a hankali. In injin yana ƙasa, cire 'yan faifan ƙarfen da ke toshe ramukan gefen bulok, ka sosa ciki da waya mai ƙarfi, ka bi da ruwa mai matsi har ya fito fari. Sa sababbin faifan, kada ka mayar da tsofaffin. Na bayan bulok, wanda giyabos ke rufewa, shi ya fi cancanta a sauya yanzu, don in ya huje daga baya sai an sauke giya.

A jikin top, duba bakin kowane ramin ruwa. Alminiyam da ya daɗe cikin ruwa marar magani yana zaizayewa, bakin ramin ya faɗaɗa yana matsowa kusa da zoben wuta na gasket, wato zoben ƙarfen da ke zagaye bakin silinda. In zaizayar ta kai inda zoben zai zauna, wankewa ba ta isa ba, sai an cike da walda an gyara fuska, ko a nemi wani top.

Fuskar bulok da ta top a kankare su da abin da ba zai yi musu rauni ba. Toshe silinda da ramukan mai da tsumma tukuna. Ina ƙin ganin an kafa buroshin waya a injin drila an hau kan alminiyam da shi: fuskar za ta yi ƙyalli, amma ta cika da kwari da tudun da ido ba ya gani.

Awo

Ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a fuskar top, a tsaye, a kwance, da kusurwa zuwa kusurwa, kana zura fila-gej, siraran ƙarafan auna tazara, a ƙarƙashinsa. A injinan ƙananan motoci da yawa, iyakar lanƙwasar da aka yarda da ita tana tsakanin milimita 0.05 zuwa 0.1, tsofaffi irin 22R sun ɗan fi haka sassauci. Littafin injinka ne zai ba ka ainihin lambar. Auna bulok shi ma, ana yawan mantawa da shi.

In za ka kai wa masu grandin, wato masu yanke fuskar top da inji, ka ce su cire iya abin da zai daidaita fuskar kawai. Kowane yanka yana ƙara matsin silinda, yana kuma matso da kamshaf kusa da karanshaf, tayimin ya ɗan goce. Wasu kamfanonin ma sun hana a yanki top na injinan dizal ɗinsu. In motar ta taɓa tafasa sosai, a gwada top da matsin iska cikin ruwa a ga ko akwai tsaga a ciki. Kuɗin gwajin bai kai kuɗin sake buɗe injin ba.

Ina ne gaba, ina ne dama

Gaban injin shi ne ɓangaren da fulin karanshaf da tayimin suke a mafi yawan injina, ko da injin a gicciye yake cikin mota. A Camry ko Golf, gaban injin yana kallon tayar gefe ne, hancin mota ba ruwansa da wannan lissafin. Kada kuma ka dogara da lambar silinda, don Peugeot a injinanta da yawa tana fara ƙirga silinda ta ɗaya daga ɓangaren fulayiwil.

A injin da silindarsa ke jere layi ɗaya, top ɗin kansa da wuya ya zauna a juye, tun da kamshaf dole ya haɗu da tayimin. Gasket ne abin tsoro, don wasu suna shiga ta fuska biyu. Nemi rubutun da ke jikinsa: TOP ko UP na nufin wannan fuskar ce sama, FRONT ko kibiya na nuna gaba. A na Volkswagen za ka ga OBEN, wato sama da Jamusanci. In babu rubutu, yawanci fuskar da lambar kaya take ita ce sama, amma ka tabbatar da ramin mai. Akwai rami guda, sau da yawa da zoben tagulla ko na roba a bakinsa, wanda mai ke bi ya hau zuwa kamshaf. Ramin nan a gefe ɗaya yake. In gasket ya rufe shi, kamshaf zai ci mazauninsa cikin 'yan mintoci, tun kafin maganar ruwa ta taso.

Injin V shi ne inda ake yawan faɗawa. Dama da hagu ana ƙirga su ne kana tsaye a bayan injin, wajen giyabos, kana kallon gabansa. A injin 1MZ-FE na Toyota mai silinda shida, wanda ke cikin Sienna, Camry da Lexus RX300, layin da ke manne da bangon ɗakin direba shi ne dama, wanda ke kusa da lagireto shi ne hagu. Gasket ɗinsu biyu ba iri ɗaya ba ne, akwai R a ɗaya, L a ɗayan. In ka buɗe kwali ka tarar da R biyu, mayar wa mai shago. Kada ka kife ɗaya ka ce ai ya shiga.

Injinan V8 na Amurka kuwa akasin haka ne, shi ya sa wanda ya saba da Toyota yake rikicewa. A tsofaffin 289 da 302 na Ford, top guda yana hawa kowane gefe, gasket ɗin ma iri ɗaya ne. Sharaɗin kawai kalmar FRONT ta kasance a gaba a duka ɓangarorin, ko da hakan ya sa a gefe guda rubutun ya kalli ƙasa. Mutum yana ganin rubutu a kife sai ransa ya ƙi, ya juya shi don su yi kama, ya kai buɗaɗɗen ramin ruwa gaba. Injinan LS na Tahoe, Suburban da Escalade su ma top ɗinsu yana musanyuwa, kuma gasket ɗinsu yana da FRONT. Sai dai ramin na'urar auna zafi, wanda ke gaba a ɓangaren direba, yana komawa baya in top ya hau ɗaya gefen, a can kuma toshe shi ake yi da kusa. Duba wannan tun top yana kan benci. Kwance kusar da ta shekara ashirin a makale, bayan top ya hau mota kuma ta matse da bango, wahala ce da ba dole ba.

Haɗa fuska uku

Wannan matakin ne nake roƙon kowane oga ya yi da hannunsa, kada ya bar wa yaro. Ɗora sabon gasket a kan bulok, busasshe, a kan 'yan fegin da ke riƙe shi. Bi ramuka ɗaya bayan ɗaya da tsinke ko siririyar waya: wannan na kusoshi ne, wannan na mai mai hawa, waɗannan na mai mai komawa ƙasa, waɗannan na ruwa. Sannan ka kife top a benci, ka ɗora gasket a kansa ta fuskar da za ta taɓa shi, ka sake bi. Duk ramin ruwan da ke jikin gasket ya kamata ya sami hanya a sama da ƙasa.

Za ka ga wuraren da ramin bulok babba ne, na gasket kuwa ɗan ƙarami, ko ma babu shi sam. Da gangan aka yi. Na sha ganin an ɗauki fanci ana faɗaɗa su wai don ruwa ya wadata. Wanda ya yi haka ya rushe rabon ruwan da aka tsara, silindar kusa da famfo ta ƙoshi, ta nesa ta rasa. In kana shakkar ko gasket ɗin na injin ne, gwada shi da na asali ko ka duba lambar kaya, kada ka gyara shi da wuƙa.

In top ɗin Baljiyam ka sayo a Ƙofar Ruwa ko Panteka, wannan gwajin ya zama wajibi sau biyu. Injina 'yan gida ɗaya suna iya yin kusoshi iri ɗaya amma hanyar ruwa ta bambanta daga shekara zuwa shekara. Sanannen misali shi ne Chevrolet 400 da ya fito a 1970: silindarsa manne suke da juna, ruwa ba ya ratsa tsakaninsu, sai aka yi masa ƙananan ramukan fitar tururi. Top na 350 yana hawa kansa daidai, amma ba shi da ramukan, kuma in ba a huda su ba tururi yana taruwa injin ya riƙa zafi. Ka je kasuwa da tsohon top ɗinka, ka jera su, ka duba lambar da aka zuba a jiki, da mafitar ruwa, da bututun hita, da ramukan na'urori.

A dizal akwai ƙarin abu: kaurin gasket. Fistin yana ɗan leƙowa sama da fuskar bulok, kuma gwargwadon leƙowar ake zaɓar kauri. Volkswagen tana nuna shi da tsaga ko huda ɗaya, biyu ko uku a gefen gasket. In ba a taɓa fistin ko fuskar bulok ba, sayi mai alama irin ta tsohon. In an taɓa, sai an sake awo.

Ɗorawa da ɗauri

Busar da ramukan kusoshi da iska har ƙasa. Ruwa ko mai da ya kwanta a ramin da ba shi da mafita ba ya matsuwa, kana ɗaure kusa sai ya tsaga bulok, ko ya ba ka ɗaurin ƙarya. Zura kowace kusa da hannu ka ji ta tafi sumul. A injin 2AZ-FE na Camry mai 2.4 an san zaren ramukan da ke ɓangaren bangon ɗakin direba yana zarewa daga bulok ɗin alminiyam. In ka ga garin alminiyam a jikin kusar da ka ciro, sai an dasa sabon zare na ƙarfe kafin a ci gaba. A injinan da ramin kusa ya huda har cikin ruwa, kamar tsofaffin V8 na Chevrolet, ana shafa abin toshe zare a kusar.

Fegi biyun nan su kasance a wurinsu. In sun bi tsohon top, ciro su ka dawo da su. Gasket na zamani, musamman mai faifan ƙarfe hawa-hawa, busasshe ake sa shi. Gam ko giris da ake shafa masa yana hana shi kamawa, ragowar kuma ta matse ta shiga ƙananan ramukan ruwan da ka gama wahalar wankewa. Inda littafi ya ce a ɗiga gam, kamar mahaɗar bulok da murfin tayimin, nan kaɗai za ka ɗiga.

Ku ɗauki top ku biyu, ku sauke shi tsaye a kan fegi, kada a ja shi a kan gasket. Shafa ɗan mai a zaren kusa da ƙarƙashin kanta in haka littafi ya ce. Ɗauri daga tsakiya yake farawa ya yi waje, hawa-hawa, da sifana mai awo. 22R yana ƙarewa a Nm 78 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne). Golf mai 1.8 da bawul takwas ana kai shi Nm 40, sannan 60, sannan a ƙara kwatan zagaye, wato digiri 90, sau biyu. Kusoshin da ake ƙara wa digiri miƙewa suke yi, don haka sababbi ake sa wa, ko a auna su in kamfani ya ba da iyaka. Ɗiga fenti a kan kowace kusa kafin ka juya digirin, don ka san wadda ka yi da wadda ba ka yi ba in aka kira ka a waya.

Tamostat, ruwa da fitar da iska

Mayar da tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan injin ya yi zafi. Na san abin da ake faɗa a gareji, wai na ƙasar sanyi ne. A injina da yawa tamostat yana da faifai na biyu a gindinsa, wanda ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin injin idan ya yi zafi. Ka cire shi, hanyar ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan ya riƙa kewayawa bai je lagireto ba. Ga shan mai, ga saurin cin ringi saboda injin yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba. Na Toyota yawanci yana fara buɗewa wajen digiri 82. Jefa shi a ruwan zafi ka ga ya buɗe kafin ka ɗaura, kuma ɗan ramin iskar da ke gefensa ya kalli sama.

Zuba ruwan magani irin wanda kamfani ya ce, in mai haɗawa ne a haɗa da tataccen ruwa. Maganin shi ke hana tsatsa da zaizayar da ka gani ɗazu. Duba murfin lagireto, lambar da ke kansa, 0.9 ko 1.1, matsin da yake riƙewa ce, kuma matsin ne ke sa ruwa ya wuce digiri 100 bai tafasa ba. Murfin da robarsa ta mutu zai sa a zargi aikinka a banza.

Buɗe hita zuwa ƙarshen zafi, zuba ruwa a hankali. In akwai kusoshin fitar da iska, kamar a Peugeot 406, buɗe su har ruwa ya fito ba kumfa, sannan ka rufe. In bututun hita an yanke shi, kamar yadda ake yi a nan, haɗa bakin biyu da tiyo ɗaya maimakon toshe su, don a wasu injinan ta nan ruwa ke zagayawa kafin tamostat ya buɗe. Tayar da injin, bari ya yi zafi har babban tiyo ya ɗauki zafi, fanka ta tashi ta tsaya da kanta sau biyu.

Yanzu gwada aikin. Da na'urar auna zafi ta hannu, haska gaban top da bayansa, a injin V kuma ka gwada ɓangarorin biyu. Bambancin 'yan digiri ba komai ba ne. In baya ya fi gaba zafi nesa ba kusa ba, ko gefe guda ya fi ɗaya, kashe injin ka binciki iska da ta makale, in ba ita ba ce to gasket ne, kuma gara a buɗe yau. Kumfa da ke ta fitowa a bakin lagireto ba ƙaƙƙautawa, ko tiyo da ya yi tauri minti ɗaya bayan tayar da injin mai sanyi, alama ce hayaƙi yana shiga ruwa. Duba sandar mai ko ya yi fari-fari.

Kada ka ba da mota ranar. Bari ta kwana, da safe ka duba ruwa ka cika, ka fita da ita hanya mai hawa da na'urar sanyi a kunne. Tsofaffin injina irin 504 suna son a sake bin kusoshin top bayan ɗan tafiya, a sake saita bawul, don haka ka faɗa wa mai motar ranar da zai dawo. Masu kusoshin digiri kuwa ba a sake taɓa su.